Kurakuran da Ke Kayar da Mugu a Labaran Almara

A yawancin labaran almara, mugu ne ke da komai a hannu. Shi ke da runduna da tsafi da 'yan leƙen asiri da doguwar ganuwa, jarumi kuwa sau da yawa maraya ne ko wani ɗan ƙauye da bai taɓa zare takobi ba. Da ƙarfi ne kaɗai ke raba gardama, da labarin ya ƙare tun a babi na biyu. Dole ke nan marubuci ya samo hanyar da mai ƙarfi zai faɗi a hannun marar ƙarfi, kuma hanyar da aka fi bi ita ce mugun ya tafka kuskure da kansa. A nan ake gane gwanin marubuci. Wani yakan mayar da mugunsa wawa daidai lokacin da jarumi ke neman mafita, irin abin da masu kallon fim suka saba gani idan bos ya ɗaure jarumi ya tsaya yana zuba har ceto ya iso. Wani kuwa tun farko yake shuka kuskuren a cikin halin mugun, ta yadda in ya auku mai karatu zai ga cewa mutum mai wannan hali ba yadda za a yi ya yi wani abu dabam.

Mafi tsufa a cikin waɗannan kurakurai shi ne mugu ya cire ransa ko ƙarfinsa ya ajiye a wani wuri. A tatsuniyoyin Rasha akwai Koschei, matsafin da ba ya mutuwa. Ajalinsa na cikin allura, allurar a cikin ƙwai, ƙwan a cikin agwagwa, agwagwar a cikin zomo, zomon a cikin akwati, akwatin kuma a binne a gindin wata bishiya a tsibirin da ke tsakiyar teku. Tsaro ne hawa-hawa, amma duk ya rushe ta ƙofa guda: macen da ya sato ta lallaɓe shi har ya faɗa mata sirrin, ita kuma ta sanar da Yarima Ivan. Irin wannan ne ya sami Sumanguru Kante, sarkin Sosso, a labarin Sunjata da maroƙan tarihi na ƙasar Mali ke bayarwa. Ƙarfe ba ya cin sa, sai da Nana Triban, 'yar uwar Sunjata da ke aure a gidansa, ta gano cewa makarin asirinsa ƙaimin farin zakara ne. Da shi aka harbe shi a yaƙin Kirina, wajen shekarar 1235. Tsoron mutuwa ne ke sa mugu ya tattara lagonsa wuri guda ya ɓoye, daga nan kuma abokin gaba ba ya bukatar cin runduna da yaƙi, abu ɗaya kawai zai nema.

J. K. Rowling ta ɗauki wannan tsohuwar dabara ta faɗaɗa ta a littattafan Harry Potter guda bakwai da suka fito tsakanin 1997 da 2007. Voldemort, mugun labarin, ya yayyaga ransa ya zuba a abubuwa shida, domin in an lalata ɗaya saura su riƙe shi. A lissafi wannan ya fi na Koschei. Inda ya ɓata shi ne wajen zaɓe. Da ya zuba ransa a tsakuwa ya jefa teku, babu mai gano ta har abada. Amma shi yaro ne da ya tashi a gidan marayu a Landan yana ƙishirwar asali, don haka sai ya zaɓi kayan tarihi masu suna: zoben gidan kakanninsa, abin wuyan Slytherin, kofin Hufflepuff, kambin Ravenclaw, littafin da ya yi rubutu a ciki yana ɗalibi, da macijiyarsa Nagini. Wuraren ɓuyan ma haka: bukkar dangin uwarsa, kogon da ya taɓa razana wasu yara biyu, makarantar Hogwarts da ya ɗauka gidansa, da bankin matsafa na Gringotts. Duk wanda ya bi tarihin rayuwarsa zai iya zana taswirar inda ransa yake, kuma abin da Dumbledore, shugaban Hogwarts, ya shafe shekaru yana yi ke nan. Ƙari a kan haka, rashin yarda da kowa ya hana shi gaya wa mabiyinsa Lucius Malfoy ko mene ne littafin da ya ba shi ajiya, shi kuwa Lucius ya cusa shi a kayan wata yarinya don biyan bukatar kansa, aka soke shi tun a littafi na biyu.

Babu inda aka gina kuskuren mugu da kyau kamar a The Lord of the Rings na J. R. R. Tolkien, wanda ya fito juzu'i uku a 1954 da 1955. Sauron ya ƙera zobe a cikin wutar dutsen Orodruin, ya zuba mafi yawan ƙarfinsa a ciki don ya mallaki sauran zobba da masu su. An yanke zoben daga hannunsa a yaƙi, ya ɓace kusan shekara dubu uku, sannan ya ɓulla a hannun wani hobbit, wato ɗaya daga wasu gajerun mutane manoma da ba a san su da yaƙi ba. Masu adawa da Sauron suka yi taro a gidan Elrond suka yanke shawarar da ba ta yi kama da hankali ba: a mayar da zoben can tsakiyar ƙasar Sauron, a jefa shi a wutar da aka ƙera shi, domin ita kaɗai ke iya narkar da shi. Dogaronsu duka a kan abu ɗaya ne, cewa tunanin haka ba zai taɓa zuwa zuciyar Sauron ba. Hausawa na cewa mugu shi ya san makwantar mugu, to Sauron makwantar mugu kaɗai ya sani. A wurinsa duk wanda ya sami makami irin wannan zai sa shi a yatsa ya nemi sarauta, don haka abin da yake jira shi ne ya ga wane babban mutum ne zai fito yana taƙama da sabon ƙarfi.

Da wannan aka kama shi. Aragorn, magajin sarakunan Gondor, ya duba cikin dutsen gani da ake kira palantir, ya nuna wa Sauron fuskarsa da takobin da aka taɓa yanke zoben da shi, an sake ƙera shi. Sauron ya tsorata, ya auka wa birnin Minas Tirith kafin shirinsa ya kammala, aka fatattaki rundunarsa. Bayan nan Aragorn ya ɗebi mutum dubu bakwai kacal ya tunkari ƙofar Mordor, ƙasar Sauron. A idon kowane sarkin yaƙi wannan hauka ne, sai fa in mai yin haka yana da zoben kuma ya hau masa kai. Sauron ya karanta lamarin haka, ya kwashe dakarunsa daga cikin ƙasa ya tura su ƙofar arewa. Frodo, hobbit ɗin da ke ɗauke da zoben, da abokinsa Sam, waɗanda yunwa da ƙishirwa suka kusa kashewa, suka tarar da filin da ke tsakaninsu da dutsen babu kowa. Bakin kogon wutar ma ba ko mai gadi ɗaya.

Masu karatu sun daɗe suna tambaya: me zai hana Sauron ajiye ko da dakaru goma a wannan ƙofa? Tambaya ce mai kyau, amma wanda ya bi labarin a tsanake zai ga cewa lissafin Sauron saura ƙiris ya zama daidai. Isildur, wanda ya yanke zoben, yana tsaye kusa da dutsen aka ba shi shawarar ya jefa, ya ƙi. Saruman, shugaban masu hikima, kwaɗayin zoben ne ya lalata shi. Boromir, jarumi mai son ƙasarsa, ya yi ƙoƙarin ƙwace shi da ƙarfi. Gandalf da Galadriel da aka miƙa musu sun ƙi karɓa ne don sun san ba za su tsira daga gare shi ba. Frodo kansa, tun yana gida ya kasa jefa shi a murhunsa, da ya isa bakin wutar kuwa sai ya fasa, ya sa zoben a yatsa ya ce nasa ne. Tolkien ya bayyana a wasiƙunsa cewa a wannan wuri babu wanda zai iya jurewa. Ashe dutsen yana da mai gadi, zoben ne da kansa. Abin da bai shiga lissafin Sauron ba shi ne tausayi. Bilbo, wanda Frodo ya gaji zoben a hannunsa, ya sami damar kashe Gollum, tsohon mai riƙe da zoben, ya ƙyale shi, Frodo ya ƙyale shi, Sam ma a gindin dutsen ya ɗaga takobi ya fasa. Wannan Gollum ɗin ne ya gatse yatsan Frodo, yana rawar murna ya zame cikin wuta da zoben. Wani abin ban mamaki, Sauron ya taɓa kama Gollum ya gana masa azaba, sannan ya sake shi da fatan zai kai shi ga zoben. Kuskure ne babba, amma irin wanda mai wayo ke yi.

Kusa da wannan akwai raini, kuma shi ne ya fi yawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Saruman ya tura dakaru kimanin dubu goma su murƙushe mutanen Rohan a Helm's Deep, ya bar gidansa Isengard kusan fanko, domin bai ga wani abokin gaba a kusa ba sai dajin Fangorn, wanda ya daɗe yana sare itatuwansa yana ƙonawa a maƙerarsa. Ya san da zaman Ent, tsofaffin makiyayan itatuwa, amma ya ɗauke su masu sanyin jiki da ba za su taɓa motsawa ba. Cikin dare ɗaya suka farfasa ganuwarsa, daga baya suka karkato kogi suka cika masa gida da ruwa. Voldemort kuwa, da zai gwada tarkon kogonsa, ya ari wani bawan aljani mai suna Kreacher, ya ɗura masa guba ya bar shi a can ya mutu. Bai taɓa damuwa ya san cewa tsafin bayi dabam yake da na iyayengijinsu ba. Kreacher ya ɓace daga kogon da aka ɗaure yadda matsafi ba zai iya ɓacewa daga ciki ba, ya koma gida ya ba maigidansa Regulus Black labari, shi kuma ya je ya sace abin wuyan. A Ramayana ta Indiya, Ravana ya roƙi kariya daga alloli da aljanu, bai sa ɗan Adam a roƙon ba don bai ɗauke shi abin tsoro ba, ajalinsa kuwa ya zo a hannun Rama da rundunar birai. Mai karatun Hausa ya san irin wannan a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937. Waziri ya haɗa baki da Sarkin Sinari, ya shirya wa Musa ɗan sarki tarko a waje, yana jiran ya fito. Ya yi lissafin sarki da dakaru da bayi, bai yi lissafin aku ba, tsuntsun da ya riƙa tsare yaron da labari dare bayan dare har sarki ya dawo daga yaƙi.

Wani ramin da miyagu ke yawan faɗawa shi ne faɗar 'yan duba. In aka gaya wa mugu abin da ba zai kashe shi ba, sai ya ɗauka an ce babu abin da zai kashe shi. Shugaban mahayan Sauron guda tara ya dogara da tsohuwar faɗa cewa ba a hannun ɗa namiji zai faɗi ba. A filin Pelennor ya gamu da Éowyn, mace da ta yi shigar maza ta bi runduna, da Merry, hobbit da ya soke shi a bayan gwiwa. Wannan salo ya girmi Tolkien. Macbeth na Shakespeare an yi masa albishir cewa wanda mace ta haifa ba zai cutar da shi ba, kuma ba za a ci shi ba sai dajin Birnam ya taso. Sai ga Macduff wanda farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi, ga kuma sojoji ɗauke da rassan itatuwa. Tolkien ya ce tun yana ɗalibi wannan dabara ta rassa ta ba shi haushi, shi ya sa a nasa labarin ya sa dajin ya tashi da ƙafarsa. Wanda ya fi kowa ƙoƙarin toshe ƙofofi shi ne Hiranyakashipu a labaran Hindu. Ya nemi kada mutum ko dabba su kashe shi, ba da rana ba, ba da dare ba, ba a ɗaka ba, ba a waje ba, ba a ƙasa ba, ba a sama ba, ba kuma da makami ba. Narasimha, rabi mutum rabi zaki, ya kama shi da almuru, a bakin ƙofa, ya ɗora shi a cinya ya farke shi da farata.

Na Voldemort ya fi waɗannan muni, don shi da hannunsa ya cika faɗar. Ɗan leƙen asirinsa rabin maganar kawai ya jiyo kafin a kore shi: za a haifi yaro a ƙarshen watan Yuli wanda zai iya kayar da shi. Yara biyu ne suka dace da siffar, Harry Potter da Neville Longbottom. Rabin da bai ji ba ya ƙunshi cewa shi ne zai yi wa yaron alama ya mayar da shi tsaransa. Da ya yi zamansa, watakila da babu abin da ya faru. Sai ya je kashe jariri, uwar ta ba da ranta, tsafin ya koma kansa, wani yanki na ransa ya maƙale a jikin yaron, ya kuma bar wa duniya maraya mai dalilin ɗaukar fansa. Yaron da bai zaɓa ba, Neville, shi ya sare kan Nagini a yaƙin ƙarshe. Mayyar Narnia a littafin C. S. Lewis na 1950 ita ma rabin sani ne ya ci ta: ta san dokar da ta ba ta jinin maci amana, ba ta san wadda ta girme ta ba, mai cewa in marar laifi ya ba da kansa a madadin mai laifi, mutuwa za ta sake shi.

Akwai kuma abin da mulkin tsoro ke jawo wa mai shi. Mugu yana da bayi, ba shi da amini, kuma bawan da tsoro kaɗai ke riƙe da shi yakan saki igiya ranar da aka fi bukatarsa. Lokacin da aka kama Frodo a hasumiyar Cirith Ungol, ƙungiyoyi biyu na dakarun Sauron suka kaure da faɗa a kan sulkensa mai tsada, suka karkashe juna, Sam ya shiga ya tarar da gawawwaki. Saruman ya mayar da yaronsa Wormtongue abin taka wa, shi ne ya jefo palantir ta taga, shi ne kuma daga ƙarshe ya yanka maigidan nasa. Severus Snape ya roƙi Voldemort ya bar Lily Potter, uwar Harry, da rai, da ya ji tsoron za a kashe ta sai ya koma ɓangaren Dumbledore, ya shafe shekaru yana yaudarar mutumin da ke alfaharin ba a iya yi masa ƙarya. Mafi tsadar su duka ya faru a daji, bayan Voldemort ya harbi Harry da tsafin kisa. Maimakon ya duba gawar da kansa, sai ya aiki Narcissa Malfoy, matar da ya mamaye gidanta, ya wulaƙanta mijinta, ya jefa ɗanta a aikin da ake zaton ba zai tsira ba. Ta durƙusa, ta ji zuciyar yaron na bugawa, ta tambaye shi a raɗa ko ɗanta na da rai, ta miƙe ta ce ya mutu.

Saura fariya da yawan surutu, kuskuren da ya fi kowanne shan ba'a, kuma sau da yawa ya cancanta. A Dare Dubu da Ɗaya, ifritun da masunci ya buɗe wa tulun tagulla ya rantse zai kashe shi. Masunci ya ce shi dai bai yarda wannan ƙaton jiki zai shiga ɗan tulun nan ba, ifritu ya koma ciki don ya nuna masa, aka mayar da murfi mai hatimin Annabi Sulaiman. Smaug, dodo mai aman wuta a The Hobbit na 1937, daɗin bakin Bilbo ya sa ya mirgina yana nuna cikinsa da duwatsu masu daraja suka lulluɓe, Bilbo ya hango wani ɗan fili a ƙirjinsa na hagu, wani tsuntsu ya ji, ya kai wa maharbi Bard labari. Waɗannan sun zauna daidai, domin wanda ya daɗe shi kaɗai a tulu ko a kan tarin zinariya yana da yunwar mai sauraro. Na maƙabarta a littafi na huɗu na Harry Potter ya fi wuyar karewa. Harry, ɗan shekara goma sha huɗu, yana ɗaure a jikin dutsen kabari, wuƙa ɗaya ta isa. Voldemort ya sa aka kwance shi, aka mayar masa da sandarsa. Uzurin da labarin ya bayar shi ne mabiyansa sun ga jariri ya kayar da shi shekara goma sha uku da suka wuce, dole ya wanke wannan a gabansu. Uzurin yana da ma'ana, sai dai mutumin ya ci gaba da hana kowa taɓa Harry har littafi na bakwai, kuma a nan mai karatu yakan fara hango hannun marubuciya tana kare jaruminta.

George R. R. Martin ya yi suna ne da juya wannan al'ada. A littattafansa da suka fara da A Game of Thrones a 1996, mutanen kirki ne ke yin kurakuran da aka san miyagu da su. Ned Stark ya gano sirrin Sarauniya Cersei, ya je ya gaya mata don ta tsere da 'ya'yanta, abin ya kai ga sare kansa. Ɗansa Robb ya karya alkawarin aure da gidan Frey, ya koma cin biki a gidansu, aka yanka shi a can. Oberyn Martell ya riga ya kayar da ƙaton da ya kashe 'yar uwarsa, ya tsaya sai ya ji ya amsa laifi da bakinsa, ƙaton ya fizgo shi ya farfasa masa kai. Tywin Lannister, uban Cersei, kuwa ba ya surutu, ba ya barin abokin gaba da rai, yaƙinsa ma da wasiƙa da alkawarin aure yake cin sa. Duk da haka Martin bai iya raba shi da tsohon lagon ba: ɗansa Tyrion, wadan da ya raina tun ranar haihuwarsa, shi ya harbe shi yana zaune a makewayi. Cersei da ta gaji mulkin ta so ta yi amfani da malaman addinin ƙasar wajen kayar da surukarta Margaery, ta mayar musu da izinin ɗaukar makami da aka hana su shekaru aru-aru, su kuma suka yafe bashin da suke bin fada. A littafi na huɗu, wanda ya fito a 2005, waɗannan dakarun da ta halatta su ne suka kama ta suka kulle.